Kyanwa a Duron Ƙanƙara

Ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da abin da Alhaji Sabo ya yi min ba. Ya ƙwace kulob ɗin ƙwallon da na kafa da gumina, ya miƙa wa wani Bature ɗan ƙasar Finland, sannan ya tsaya da waya a hannu yana ɗauka ta a bidiyo ranar da aka tsoma ni a duron ƙanƙara kamar lemon kwalba. Abin da ya yi ke nan, ban ƙara gishiri ba. Tawa wautar kuma da bakina zan faɗa, kada wani ya riga ni.

Ni direban tasi ne a New York. Boko ban yi nisa ba, a tsakiyar sakandare muka rabu da shi ba tare da sallama ba. Amma ƙwallo na buga ta. A Tudun Wadar Kaduna ni ne mai tsaron gida, kuma Kyanwa ake ce min, don ko ta ina aka bugo sai an gan ni a can. (Yanzu dai kyanwar ta ajiye tumbi, ko ɗaura igiyar takalmi sai ta riƙe numfashi.)

Da na zauna a Mount Hope, cikin Bronx, abin da ya fara ƙona min rai shi ne yaranmu. Kullum suna zube a kan matakalar bene, kai a sunkuye cikin waya, ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci. 'Ya'yan mutanen Kumasi, na Yamai, namu na Najeriya, duk ɗaya. Na sayi ƙwallo na kora su fili kamar awaki. Ni ne koci, ni ne mai ɗebo ruwa, ni ne mai wanke jesi, but ɗin tasina kuwa ya zama sito. Ranar wasa sai in ajiye aiki, in bar fasinja a titi, ga shi lokacin motocin da ake kira ta waya sun fara cinye mana kasuwa. Matata Hajara ta yi mita har ta gaji.

Koyarwa kuma irin wadda aka yi min nake yi. Koci ba ya shiru. Yaro ya ɓarar da ƙwallo, ka ambaci kakarsa, ka tuna masa girman kansa da ƙanƙantar abin da ke ciki. A wajenmu zagi taki ne, da shi ɗan wasa ke girma. Bayan wasa kuwa ruwan zafi da tawul da man zafi, a murza cinya har yaro ya yi ƙara. Haka aka yi mana, ga mu nan ba mu mutu ba.

Muna fara cin wasa sai ga Alhaji Sabo. A sashen magani na wani asibiti yake aiki, mutum ne mai kwat da dogon Turanci, kuma ɗan garinmu ne, don a ɗakinsa na fara sauka da na zo ƙasar nan. Ya ce, "Ɗan uwa, aikin nan ya yi maka yawa. Bari in riƙe maka ɓangaren Turawa." Na ji daɗi, don idan masu shirya gasa suka fara magana ta hanci ba komai nake kamawa ba. Kafin in ankara ya zama Shugaban Kulob. Ni ban san yaushe aka yi zaɓen ba.

Gaskiya ɗaya zan faɗa: an taɓa kora ta daga bakin fili saboda na gaya wa alƙalin wasa wata magana game da mahaifiyarsa. Da Hausa na faɗa, ashe mutumin ya yi zaman Legas, ya tsinci zagin Hausa a can. Bayan nan ne Alhaji ya same ni ya ce, "Na samo maka mataimaki. Mijin wata ma'aikaciyarmu ne, yana zaune ba aikin yi. Kai ne dai babba, shi zai riƙa jera maka robobin atisaye a fili."

Mataimaki. Wallahi har sabuwar hula na saya.

Ranar da ya zo, na ga wani dogon mutum fari fat kamar an wanke shi da bilic, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Sunansa Timo. Alhaji ya tara yara da iyaye ya shiga karanto tarihinsa kamar maroƙi: wai ɗan tsakiya ne, ya buga babban rukuni a ƙasarsu, ya tsallaka Sweden, daga can ya je Beljiyam, inda wani ɗan baya ya ragargaza masa gwiwa. Ya koma gida ya zama koci, ya ɗauki kulob ɗin wani ƙaramin gari ya haura da shi sama. Ni dai a raina cewa nake yi, ƙasar da aka ce rana tana yin watanni ba ta leƙo ba, a ina suke ganin ƙwallon?

Sai Alhaji ya juyo, yana murmushi, ya sa hannu a wuyana ya zare usur ɗina. Usur na ƙarfe, wanda na zo da shi tun daga Kaduna. Ya ce, "Ara masa ya gwada na yau." Ya rataya wa Bature. Aka yi tafi. Ni ma na tafa, jakin banza. Sai da mako ya zagayo na ga an buga sabbin riguna, ta Timo an rubuta koci a baya, tawa babu komai, sannan na gane wane ne mataimakin wani.

Abin haushi, mutumin ko hura usur ɗin ba ya yi. Yana tsaye hannu a aljihu kamar mai jiran bas. Yaro ya zubar da ci a gaban raga, ni jinina na tafasa, shi kuwa sai ya kira yaron gefe ya yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai neman aurensa. Gaisuwa kuma babu. In ce masa ina kwana, ya iyali, ya sanyi, ya gajiyar jiya, ya ɗaga kai ya ce "lafiya" da Turanci, ya ci gaba da kallon fili. Na ce lallai wannan ya raina ni. Abin da ya fi ci min rai shi ne, sai yaran suka fara ba juna ƙwallo. Suka daina korar ta sama kamar masu jifan mangwaro. Muka ci gaba da cin wasa, ni ina jera robobi.

Sai ya kawo duro. Shuɗin duro na roba, irin wanda mata ke aika kaya gida a ciki. Bayan kowane wasa ya cika shi da ruwa, ya juye buhunan ƙanƙara daga kantin bakin titi, ya sa manyan yaran su shiga ɗaya bayan ɗaya har ƙugu. Suna ihu suna dariya. Wai yana hana tsamin jiki.

A nan na ce Allah ya kama min shi.

Na bi iyaye mata ɗaya-ɗaya. Na fara da Hajiya Fati, mutuniyar Kumasi mai sayar da shinkafa da wake a bakin fili, don idan magana ta shiga kunnenta, kafin la'asar ta isa unguwar Harlem. Na ce, "Hajiya, kina kallo ana jiƙa ɗanki kamar garin kwaki? Sanyi idan ya shiga ƙashi ba ya fita. Kuma ba ƙashi kaɗai yake kashewa ba." Na yi ƙasa da murya. "Yaron da aka saba tsomawa a ƙanƙara daga ƙugu zuwa ƙasa, kada ki sa ran jika daga wajensa."

Ta saki ludayi. "Koci, da gaske?"

"Ki tambaya mana ki ji ko su nawa ne a ƙasar tasu. 'Yan kaɗan ne. Me kike zaton ya jawo?"

(Ni kaina a lokacin na yarda da maganar nan. Ba ƙarya na shirya ba, jahilcina ne tsantsa, kuma na yi masa hidima da zuciya ɗaya.)

Magana ta kama kamar wutar kara. Mata suka ce ba za su sake turo yara ba sai an zauna. Aka sa ranar Asabar bayan wasa, a filin. Na ci ado da farar shadda, riga da wando, da sabuwar hular nan, don a ranar nake sa ran karɓar usur ɗina. Hajara ta dube ni ta ce, "Maigida, fili za ka ko ɗaurin aure?" Na ce mata ta zo ta ga yadda ake mayar da gaskiya ɗakinta. Ta kuwa zo, ita ma shaida ce.

Lokacin ganye ya fara zuba, iska tana yanka kunne. Aka taru, maza a gefe, mata a gefe, duro yana tsakiya cike da ƙanƙara. Na tashi na yi jawabi. Na yi maganar sanyin ƙashi, na yi maganar jikoki, mata suna "ƙwarai kuwa." Da na tsaya a nan da na ci. Amma baki idan ya ji tafi ba ya sanin birki. Na nuna Timo na ce, "Wannan ma wa ya taɓa ganin ya taɓa ƙwallo? Kullum hannu a aljihu. Ni ban yarda ya taɓa buga ko ƙwallon tsumma ba!"

Alhaji Sabo ya gyara tabarau. Na san murmushin nan, amma ban karanta shi ba.

"To ai abin mai sauƙi ne," in ji shi. "Ga raga, ga Kyanwa da kansa. Bugu ɗaya, daga kai sai mai tsaron gida. Idan ka kama, usur naka ne, duro kuma a zubar. Idan ta shiga, ka bar maganar. Ko Kyanwar ta tsufa?"

Yara suka ɗauka: "Kyanwa! Kyanwa!" Rabon da in ji an kira sunan nan da ƙarfi tun ina da gashi. Na cire hula na miƙa wa Hajara, na tuɓe riga, na tsaya daga ni sai singileti da wandon shadda da takalmin zuwa masallaci.

Aka fassara wa Timo. Ya girgiza kai ya ce bai dace ba. Alhaji ya matsa masa. Sai ya tako har inda nake, ya ce min a hankali, "Ka ɗan zagaya fili tukuna, jikinka ya ɗumama. Akwai sanyi." Na ce da Hausa, yadda kowa zai ji, "Ku gaya masa tun kafin a haife shi jikina yake a ɗumame." Aka yi shewa. (Daga baya na gano ya girme ni.)

Na shiga raga, na tofa yawu a tafin hannu, na buɗe ƙafafu. Na kafa wa ƙugunsa ido, don ƙugu ba ya ƙarya, haka aka koya mana. Ya ja baya kaɗan, ya taho da ɗingishinsa. Ƙugu ya ce dama. Na tashi sama gaba ɗayana, da tumbi da komai, irin tashin da rabona da shi tun Kaduna.

Ƙara biyu na ji a sama. Ta farko wandon shadda ne, ya tsage tun daga gaba har baya. Ta biyu a cikin cinyata ta fito, kamar an tsinke igiyar guga. Na faɗi ƙasa tim. Ina kwance, kunci a ciyawa, na ga ƙwallo tana gangarowa ta tsakiyar raga, inda na baro, a hankali kamar tsohuwa za ta unguwa. Ko buga ta bai yi ba, turo ta ya yi. Da na tsaya cak ban motsa ba, da ƙafa ɗaya zan tare ta.

Na shiga gurnani. Na yunƙura in tashi, ƙafa ta ce ba da ita ba. A nan ne na fara jin muryar Timo da ƙarfi tunda na san shi. Ya daka tsawa ya kira iyaye maza biyu, suka cicciɓe ni, ɗaya ta hammata, ɗaya ta ƙafa, tsagaggen wando yana kaɗawa kamar tuta, matan unguwa duk sun ga launin gajeren wandona. Sai da na ga inda aka nufa da ni na fara roƙo.

"Kada ku yi min haka! Ruwan zafi! A kawo man zafi! Don girman Allah, ba duro ba!"

Suka tsoma ni.

Jama'a, na sha jin wa'azin azaba, amma duk na wuta ake yi. Babu malamin da ya taɓa gaya min akwai ta sanyi. Numfashina ya ɗauke, idona ya fito, sai na ji wani ƙato yana kururuwa, "Wayyo Inna! Inna ki zo!" Ashe ni ne. Inna kuwa ta daɗe a kabari, Allah ya ji ƙanta, gara da ba ta ga wannan ba. Timo ya zura hannuwansa cikin ruwan har kafaɗa ya riƙe ni, yana cewa in yi numfashi, in yi numfashi.

Sai muryar Hajiya Fati ta ratso ta cikin mata: "Koci, ka kwantar da hankali! Kai ai ka gama haihuwa!"

Filin nan ya fashe. Har Hajara na hango ta toshe baki da hulata, kafaɗunta suna rawa. Da aka zo fitar da ni kuma tumbi ya cije a bakin duro, sai da aka kwantar da shi a ƙasa aka zaro ni kamar ana karɓar haihuwar saniya. Duk wannan abin Alhaji Sabo yana tsaye da waya, yana zagayawa don ya samu ta ko'ina, yana dariya har da tari.

Kafin in isa gida bidiyon ya isa Kaduna. Yayata ta bugo tana kuka, wai an ce mata an yi min wankan gawa da raina a Amurka. A Harlem, teloli suka sa min Alhaji Inna-ki-zo. Abin da ya fi duk wannan ciwo: da na je asibiti, likita ya duba cinyar ya ce wanda ya sa min ƙanƙara da wuri ya taimake ni, da ruwan zafi aka sa da kumburin ya fi haka. Na ce masa ban tambaye shi ba.

Na yi kwance a gida, ba tuƙi, ba fita. Alhaji ko leƙe. Wata rana da yamma aka ƙwanƙwasa, Hajara ta buɗe, sai ga Timo. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce masa (ashe su ma haka suke yi a garinsu). Ya zauna, aka ba shi shayi, ya sha. Har na fara zaton ya manta abin da ya kawo shi. Can ya sa hannu a aljihu ya ajiye usur ɗina a kan tebur.

Ya ce, da Turancinsa mai sauƙi wanda ko ni ina ganewa, kulob ɗin nan da ya haura da shi sama, shekarar da ta biyo baya suka faɗo. Shugaban kulob ɗin abokinsa ne, tare suke zuwa kamun kifi. A rediyon mota ya ji wai ya ajiye aiki don kansa saboda ciwon gwiwa, alhali ba wanda ya gaya masa komai. Ya je fili washegari ya tarar da wani sanye da rigarsa. Ya ce tun daga ranar bai sake koyar da kowa ba sai yaran nan namu.

Sannan ya tambaye ni, "Ya hawan jinin naka?"

Na ce, "Wane hawan jini?"

Ya dube ni, na dube shi. Ya ce Alhaji ya gaya masa likita ya hana ni tsayuwa a bakin fili, wai ni na roƙa a nemo wanda zai karɓe ni, kuma kada a yi min maganar don ina jin kunya. Shi ya sa ba ya ja na da hira, yana ganin mutum ne mai ciwo da baƙin ciki, a bar shi ya huta. Ya ce da ya san gaskiya da bai karɓi usur ɗin ba, don ya san ɗacin abin.

Wato duk watannin nan da nake haƙa wa bawan Allah rami, shi tausayina yake ji.

Da zai tafi ya ce masu tsaron gidan kulob ba su da mai koya musu, shi bai san aikin ba. Ya ce, "Tashin da ka yi daidai ne. Shekarunka ne ba daidai ba." Sharaɗi ɗaya, ba zagi. Na ce zan yi tunani. Na yi tunanin har ya gama ɗaura takalmi. Yau ni ke koyar da masu tsaron gida, ina haɗiye kakannin yara a ciki kamar ƙwayar magani, kuma (wannan kada ya wuce nan) a but ɗin tasina ake ɗauko ƙanƙarar duro. Idan akwai darasi a ciki, bai wuce wannan ba: idan mai murmushi ya ce maka ga raga ga Kyanwa, ka duba wandon da ke jikinka tukuna.

Alhaji kuwa mun haɗu ranar Juma'ar farko da na iya taka ƙafa. An fito daga masallaci, yana tsaye cikin mutanensa masu kwat. Ya hango ni da sanda ya ɗaga murya: "A'a, Kyanwa! Ya ruwa?" Suka yi dariya. Na ɗingisa har gabansa, na jira suka gama.

Na ce, "Alhaji, duron na yafe masa, Baturen ma na yafe masa. Ka ce ina da hawan jini ko? Da ba ni da shi, yanzu na samu, kuma da likita ya tambaye ni ko gado ne, na ce masa a'a, ɗan garinmu ne. Ka ci gaba da tura bidiyon, ni ma na kalla. Akwai ƙaton wawa yana kiran uwarsa a duro, wannan ni ne, ban musa ba. Akwai baƙon da ko gaisuwarmu bai iya ba, ya jiƙe har kafaɗa yana riƙe da ni. Ka koma ka sake kallo da kyau, Alhaji, ka nemo kanka. Ba ka ciki. Dariyarka kawai ake ji."